YA FAƊI SAU UKU, TO SAI ME? MAGANA KAN RAJISTAR INJINIYOYI

Jama'a, akwai wasu shawarwari da suka zama ruwan dare a garin nan, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a fito fili a ce musu ba daidai ba ne. Duk lokacin da wani yaronmu da ya karanta injiniyanci ya je jarrabawar samun rajista ya faɗi, ya koma ya sake faɗuwa, sai ka ga masu ba da shawara sun yi masa caa. Wannan ya ce, "Ka haƙura kawai, Allah bai yi ba." Wancan ya ce, "Kai ma da taurin kai kake, ka nemi wanda ya san wani mana." Na ƙarshensu, wanda ya fi su haɗari, shi ne mai cewa, "Wai wa ma zai tambaye ka? Ka manna Engr. a gaban sunanka ka ci gaba da harkarka, duk garin haka ake yi."

Abin da ya tayar min da maganar, ƙanin wani maƙwabcina ne a nan Ɗorayi. Ya karanta injiniyancin gine-gine, ya yi bautar ƙasa, yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma sau uku ke nan yana zuwa gaban kwamitin tantancewa ana ce masa ya sake shiri. Yanzu gida ya rabu biyu a kan ko ya koma karo na huɗu ko ya yar da ƙwallon mangwaro ya huta da ƙuda. Ba zan ƙara komai a kansa ba, don ba shi kaɗai ba ne. Irinsa suna da yawa, kawai dai kunya ce ke hana su magana.

Ni ba injiniya ba ne, kada wani ya ce gidanmu nake karewa. Harkar mulki na karanta a jami'a, kuma shekara goma sha wani abu ke nan fayilolin ma'aikata suna bi ta teburina. Na ga fayil ɗin injiniyan da ya tsaya cak a mataki guda, sa'o'insa suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, saboda takarda ɗaya tak da babu a ciki. A aikin gwamnati akwai matakin da injiniya ba ya tsallakewa sai da wannan rajistar. Don haka mai cewa "ka haƙura" ya sani cewa ba ƙaramin abu yake cewa a haƙura da shi ba. Albashin shekaru ne, da fanshon da za a lissafa a kan matakin da mutum ya ajiye aiki.

Ga waɗanda ba su san yadda abin yake ba. Digiri daban, izinin aiki daban. Hukumar COREN ce doka ta ba ikon yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. An kafa ta da dokar soja mai lamba 55 ta 1970, aka yi wa dokar gyara a 1992, aka sake yi mata wani gyaran da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, wanda ya ƙara wa hukumar haƙora. Sai kuma ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, NSE, wadda 'yan Najeriya suka kafa a Landan tun 1958, kuma ta hanyarta da yawa suke bi kafin su kai ga rajistar. Ana so mutum ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki bayan ya gama jami'a. Sannan ya rubuta rahoton abin da ya yi da hannunsa a waɗannan shekarun, injiniyoyi masu rajista su tsaya masa, ya zo ya zauna gaban manyan da suka daɗe a cikin sana'ar su yi ta jefa masa tambayoyi a kan abin da ya ce ya yi. In ya tsallake, sai ya samu lamba da hatimi. Daga ranar, in ya sa hannu a zane, shi doka za ta nema in wani abu ya faru.

Wannan sa hannun shi ne kan maganar gaba ɗaya, kuma shi ya sa nake jin haushin mai cewa a manna Engr. kawai. Mun manta da titin Beirut? A ƙarshen watan Agusta na 2022 bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a tsakiyar kasuwa, a cikin garin nan, ba a wata ƙasa ba. A Ikoyi ta Legas, ranar 1 ga Nuwamba 2021, gini mai hawa 21 ya zube ya kashe mutum fiye da 40. A Jos, watan Yuli na 2024, ginin makaranta ya faɗo kan yara suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Ban ce kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin injiniyan bogi ba ne, kowanne da nasa dalilin. Amma ku lura da wani abu a labarin Ikoyi: kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da ginin ya rubuta wasiƙar janyewa tun a 2020, ya ce ba zai iya ɗaukar alhakin abin da ake yi a wurin ba. Mutum ba ya janye sa hannunsa sai in sa hannun yana da nauyi, sai in akwai lambar da yake tsoron a ƙwace masa. Shi kuwa injiniyan Facebook me zai janye? Ranar da bene ya zauna, wayarsa kawai zai kashe.

Ko Turawan ma ba don sha'awa suka ƙirƙiro wannan shingen ba. A 1928 wata madatsar ruwa mai suna St. Francis ta fashe cikin dare a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta kashe mutum sama da 400. Shekara guda bayan nan jihar ta kafa dokar yi wa injiniyoyin gine-gine rajista. Gawa ce ta koya musu.

Shi kuma mai cewa a nemi wanda ya san wani, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Ƙofar baya in ta shigar da ƙaninka yau, gobe ita za ta shigar da wanda zai zana makarantar 'ya'yanka.

Akwai kuma wata waƙa da nake ji a majalisu, wai 'yan kudu ne suka riƙe wurin suke kayar da yaranmu da gangan. Haba jama'a. Injiniya Ali Rabi'u, ɗan Kano, ya shugabanci COREN daga 2019 zuwa 2023, bayansa Farfesa Sadiq Zubair Abubakar ya karɓa. Injiniya Tasi'u Sa'ad Gidari Wudil ya shugabanci NSE a 2022 da 2023. In da ƙabilanci ne matsalar, ai da a waɗannan shekarun kowa ya wuce salin alin. Wannan uzurin yana da daɗin faɗa, amma ba ya kai yaro ko'ina, sai ma ya hana shi duba inda ciwon yake.

To ina ciwon yake? Ku fito daga Ɗorayi ku bi ta Ja'en ku shiga Sharaɗa, ku zagaya rukunin masana'antun nan da ido buɗe. Daga nan ku ɗauki titin Panshekara zuwa Challawa, in kun dawo ku leƙa Bompai. Ku ƙirga ƙofofin da aka garƙame da kwaɗo ya yi tsatsa, da waɗanda aka mayar sito ana jibge kayan da aka shigo da su daga Sin. Mu da muka haura arba'in mun ga ƙarshen zamanin da jiniyar kamfani ke tashin unguwa, ma'aikata su cika titi a kan kekuna lokacin canjin aiki. Masaƙu ne, da kamfanonin jima, da na robobi, da na alewa, da na man gyaɗa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da tukunyar tururi, da taransifoma, da famfunan ruwa, da injinan da ke lalacewa a gyara. Wato kowane kamfani makaranta ne. Yaro ya fito daga jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, ya faɗa hannun wani tsohon injiniya mai faɗa, ya yi shekara huɗu ana zaginsa ana koya masa. Irin wannan in ya zauna gaban kwamiti, ba sai ya haddace komai ba. Labarin abin da ya faru da shi kawai zai bayar.

Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abin ya fara sulalewa. Rashin wuta ya zo ya ɗora, atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari ta ƙarasa masaƙun. Waɗanda suka yi ta maza suka rage, aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni a Afrilun 2024. Mai kamfanin da ke lissafin gas ɗin janareta kowace safiya, ina ya ga kuɗin ɗaukar sabon injiniya ya raine shi? In babban inji ya tsaya, gwamma ya ɗauko ƙwararre daga ƙasar da aka ƙera injin, ya gyara cikin kwana biyar ya hau jirgi ya koma. Yaronmu in ma yana wurin, riƙe fitila ne aikinsa.

A gefen gwamnati ma haka ne. Da akwai lokacin da jihar Kano ke gina madatsun ruwanta da hannun ma'aikatanta. Tiga tun zamanin Audu Bako aka yi ta, kuma hukumar WRECA ta yi suna wajen gina madatsu da samar da ruwa a tsohuwar jihar Kano. Ku tambayi tsofaffin injiniyoyin garin nan inda suka koyi aiki, da yawa can za su ce muku. Marigayi Injiniya Magaji Abdullahi, wanda ya zama mataimakin gwamna, daga can ya fito. Shi ma Rabi'u Musa Kwankwaso shekara 17 ya yi a can kafin ya shiga siyasa. Ba siyasa nake yi ba, don Allah kada 'yan jar hula da abokan hamayyarsu su mayar min da shafi filin daga, wurin koyon aikin nake nunawa. Yau a ko'ina cikin ƙasar nan babban aiki ɗan kwangila ake ba wa, shi ya zo da zanensa da injiniyoyinsa. Injiniyan ma'aikata sai ya wayi gari aikinsa rubuta takardar neman amincewa da zaman mitin. Shekara huɗu ta cika a kalanda, amma bai taɓa tsayawa a kan zubin kankare tun daga asuba har dare ba.

Wanda bai samu aikin gwamnatin ba ma fa? Yana koyar da lissafi a makarantar kuɗi, ko yana sayar da waya a Farm Centre, ko yana zaune a rumfar POS. Ba aibu ba ne, neman halal ne. Amma in lokacin rubuta rahoto ya yi, me zai rubuta? Sai ya je ya karɓo na wani, ya canza suna da wuri da shekara, a buga masa shi da bango mai kyau. Ya shiga ɗaki, dattijon da ya yi shekara talatin yana wannan aikin ya buɗe shafi ya ce, "Injiniya, ka ce ka sa rodi mai kauri kaza a wannan ginshiƙin, me ya sa ba ka sa wanda ke ƙasa da shi ba? Da ka haƙa ramin harsashi wace irin ƙasa ka tarar?" Shi ke nan, ɗaki ya yi tsit. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaro ya fito ya ce an tsane shi. Alhali abin da kwamitin ya gano gaskiya ne: bai yi aikin ba. Kuma da sun bar shi ya wuce, da sun ci amanarmu.

Ban ce duk wanda ya faɗi rahoton aro ya kai ba. Akwai wanda ya yi aikin da gaske amma bakinsa ke mutuwa in ya ga manya, akwai wanda Turancin rubutu ke kayar da shi. Waɗannan gyaransu mai sauƙi ne, wata biyu na zama da wani babba yana yi musu tambayoyi ya isa.

Saboda haka in ka tambaye ni ko mai faɗuwa sau uku ya koma, amsata ita ce ya koma. Amma wallahi in da rahoton da ya faɗi da shi zai koma, da irin shirin da ya yi a baya, to ya riƙe kuɗinsa ya sayi buhun shinkafa ya kai gida. Kuɗin fom, da na bita, da na buga rahoto, da na mota, ba kaɗan ba ne ga mai iyali a wannan zamanin. Sau uku ka bi hanya ɗaya ta kai ka rami ɗaya, ai ba naci ake kira komawa ta huɗu ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ya fara da cire girman kai ya je ya tambayi inda ya faɗi, a rahoto ne, ko a hira, ko a rubutu. Da yawa ba sa tambaya, suna ganin sakamako sai su shige ɗaki su rufe ƙofa. Sannan ya ba kansa shekara guda, ko ɗaya da rabi, kada ya yi gaggawar zama na gaba. A cikin wannan lokacin ya nemi injiniya mai rajista da ke da aiki a hannu, ya bi shi ko da kyauta ne, ko da Asabar da Lahadi ne kawai. Ba sai gadar sama ba. Bene mai hawa ɗaya a Ɗorayi Ƙarama, ko kwalbati, ko rijiyar burtsatse da tankinta na sama, ko sanya sola a wani asibiti, in dai shi ya yi lissafin, shi ya je Ƙofar Ruwa ya duba rodin da idonsa, shi ya tsaya aka zuba kankaren, shi ya ga inda aka samu matsala da yadda aka warware ta. Ƙaramin aikin da ka san cikinsa da bayansa ya fi katafaren aikin da ka aro. Ya riƙe littafi yana rubuta abin da ya gani kullum, ya ɗauki hotuna. Ranar hira ba mai iya girgiza shi a kan abin da ya yi da hannunsa.

Akwai kuma wanda zan ce masa kada ya koma, kuma ba zagi ba ne. In ka yi shekara goma kana kasuwanci, Allah ya buɗa maka, zuciyarka ta bar injiniyanci, sunan kawai kake so a katin ɗaurin aure da allon ƙofar gida, to ka huta. Ka zama Alhaji wane ɗan kasuwa mai digirin injiniyanci, babu wanda zai raina ka. Sharaɗi ɗaya ne, ka sauke Engr. ɗin, kuma in maƙwabci ya kawo maka zanen gida ka ce masa ga wanda zai je wurinsa. Haka mai babbar difloma, COREN tana da rajistar masu fasahar injiniyanci, tana da ta masu matsakaicin ilimin sana'ar, har da ta masu aikin hannu. Kowa da gurbinsa a doka. Matsalarmu kowa so yake a kira shi da babban sunan.

Batun kunya kuwa, ni ban gane inda muka samo ta ba. Likitocin da ke neman zama ƙwararru suna faɗuwa jarrabawarsu su sake, wasu sau da yawa, kuma in sun wuce mu ne ke layi a ƙofarsu. Ɗaliban lauya a Bagauda suna faɗuwa su maimaita. Masu ICAN kuwa ai sai dai ka tambaye su sau nawa, ba ko sun taɓa faɗuwa ba. Ba wanda ke tambayar likita a karo na nawa ya ci kafin ya miƙa masa ɗansa. Amma injiniya ya faɗi sau biyu sai a fara yi masa kallon wanda aka yi wa asiri. Matarsa ta kasa shiga gidan biki, abokai a majalisa suna "Injiniya manya" suna ƙunshe dariya. Mai cewa Allah bai yi ba, ina ya ga an rufe littafin? Manomin da damina ta ƙi masa bana, ai ba ya sayar da gonar. Iri yake canzawa ya nemo taki.

Yanzu bari in juyo kan manyan injiniyoyinmu, don da ku nake wannan rubutun fiye da yaran. Ranka ya daɗe, kai da ka sa hannu ka tsaya wa yaro a kan rahoton da ba ka karanta ba, a kan aikin da ka san bai taka wurin ba, me ka yi masa? Ka ɗauka taimako ne, alhali tura shi ka yi ya je ya sha kunya a gaban abokanka. Da ka ce masa, "Ɗana, wannan ba zai wuce ba, zo ka bi ni wurin aiki wata shida," da yanzu an wuce wurin. Sannan kowa ya san ana raɗe-raɗin masu ba da hayar hatimi, a kawo zanen da wani ya yi a shago a buga a biya, mai hatimin bai san ko a ina filin yake ba. In haka ne, da wane baki za ku ce wa yaro rajista abu ne mai daraja? Ku ne kuka sha daga WRECA da kamfanonin Bompai lokacin suna raye. Wani ne ya ɓata lokacinsa a kanku. Wuraren sun mutu, saura ku, kuma ba ku da yawa.

Abin da nake nema ba ya bukatar kasafin kuɗi ko zaman majalisa. Duk injiniya mai rajista a Kano da ke da aiki a hannu, gini ne ko wayarin ko gyaran inji a Sharaɗa ko Challawa, ya ɗauki yaro ɗaya cikin waɗanda suka faɗi, ya riƙe shi shekara guda, ya karanta rahotonsa shafi-shafi da jan biro kafin ya sa hannu. Reshen NSE na Kano yana da sunayen waɗanda suka zauna da waɗanda ba su wuce ba, haɗa su da manya ba zai gagare shi ba. Masu kamfanonin da suka rage su ma, in kun ɗauko ƙwararre daga waje, ku sa a cikin yarjejeniya cewa injiniyanku zai kama aikin tare da shi, ba riƙe fitila ba.

Ina da abokai injiniyoyi a shafin nan, na san kuna karantawa kuna wucewa. Wanda ke da wurin aiki kuma zai karɓi mutum ɗaya daga watan gobe, ya turo min saƙo ta ciki, ya faɗi fanninsa da unguwar da aikin yake.